Yuro miliyan 160 a kan fuskar mutum biyu: me masu zanen Holan suka zuba a cikin fentinsu?

A shekarar 2016 Faransa da Holan suka haɗa kuɗi, yuro miliyan 160, suka sayi zane biyu daga hannun iyalan Rothschild. Ba sarki aka zana ba, ba kuma wani gwarzon yaƙi ba. Wani matashi ne ɗan masu kuɗi, Marten Soolmans, da matarsa Oopjen Coppit, waɗanda shahararren mai zanen Holan, Rembrandt, ya zana a Amsterdam a 1634. Bayan shekara shida Holan ta sake fitar da yuro miliyan 175 ta sayi wani zanen na Rembrandt, na wani mutum riƙe da tuta. Miliyan 150 daga ciki daga baitulmalin gwamnati suka fito, ga shi annobar korona ba ta gama sakin mutane ba, sai surutu ya tashi a ƙasar.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, tambayar ba ta sauyawa. Me ke cikin hoton mutum sanye da baƙaƙen kaya, tsaye cikin duhu, wanda wayar hannu ba za ta ɗauki wanda ya fi shi ba a cikin ƙiftawar ido? Wasu na cewa wautar masu kuɗi ce, wasu na cewa hanyar ɓoye dukiya ce. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun. Amma kuskuren yana can tushe: ɗaukar waɗannan zane-zane a matsayin hoton da aka yi da hannu saboda babu kyamara. Masu zanen Holan na ƙarni na 17 ba kwafar fuska suke yi ba, gina ta suke yi, hawa-hawa kamar ginin soro, kuma mai biyan kuɗin ya san abin da yake saye.

Abu uku da ake zubawa a kwando ɗaya

Na farko shi ne zanen mutum sananne, wanda ya zo da ƙafarsa, ya zauna, ya biya. Wannan ciniki ne tsagwaronsa. Mai kuɗi zai faɗi abin da yake so, kai da kafaɗa kawai, ko zuwa gwiwa, ko dukan jiki, farashi kuma yana hawa gwargwadon haka. Dole ne ya yi kama da mai shi. A 1654 wani ɗan kasuwa ɗan asalin Fotugal ya yi ƙorafi a rubuce cewa zanen wata yarinya da ya sa Rembrandt ya yi masa bai yi kama da ita ba. Har shi ma bai tsira daga mitar abokin ciniki ba.

Na biyu shi ne abin da suke kira tronie da yarensu, wato fuska kawai. Ba wanda ya ba da aikin, ba a kuma damu da ko wane ne ba. Mai zane ne yake gwada hannunsa: yadda haske ke sauka a kunci, yadda tsufa ke zama a goshi, yadda rawani ko hular ƙarfe ke sauya kamannin mutum. Shahararriyar yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wadda Johannes Vermeer ya zana wajen 1665, irin wannan ce. Shi ya sa masu neman sunanta suke wahalar da kansu.

Na uku shi ne zanen taro: 'yan sintirin gari, shugabannin ƙungiyar sana'a, masu kula da gidan marayu ko gidan tsofaffi. Kowa ya kawo nasa kason, a zana su tare, a rataye a zauren taronsu. A nan mutanen Holan suka yi zarra.

Me ya sa Holan, me ya sa lokacin?

A Italiya da Sifaniya manyan masu ba da aikin zane su ne coci da fada. Holan ta fita daga wannan tsari ta hanyoyi biyu. A 1566 masu bin aƙidar Furotesta suka bi majami'u suna farfasa gumaka da hotuna, kuma cocin da ya yi rinjaye a arewacin ƙasar, na mabiya Calvin, bai yarda da hoto a wurin ibada ba. Ƙofa ɗaya ta rufe ke nan. Sannan daga 1568 zuwa 1648 suka yi ta gwabzawa da Sifaniya har suka zama jamhuriya, inda attajiran birane suke da ta cewa fiye da kowane basarake.

Kuɗi kuma suka shigo kamar ruwan damina. An kafa kamfanin cinikin Gabas, VOC, a 1602, na Yamma kuma, WIC, a 1621. Jiragen ruwan 'yan Holan suna kwaso hatsi da katako daga yankin Baltik, kayan yaji daga Asiya, sukari daga Birazil. Ɗan kasuwar da kakansa ba kowa ba ne ya wayi gari yana da gida a bakin ruwa da bangon da ke jiran ado. Ba shi da sarautar gado, sai ya sayi abin da ke kusa da ita: fuskarsa a bango, da 'ya'ya da jikoki za su gada. Tsayin zanen Marten da na Oopjen ya ɗan haura mita biyu kowanne, dukan jiki tun daga kai har takalmi, salon da a da sai sarakuna da 'ya'yan sarauta ake yi wa. Saƙon a bayyane yake, ba ya buƙatar tafinta.

Yadda ake gina fuska

Aikin yana farawa tun kafin a ga wanda za a zana. Ƙananan zane-zane a kan allon katakon oak ake yin su, wanda galibi daga dazuzzukan Baltik ake kawowa, manya kuma a kan ƙyallen lilin da aka ɗaure ya miƙe tamau. Sai a yi shimfiɗa. A katako, alli ne da gam. A ƙyalle sau da yawa hawa biyu ne, jar ƙasa a ƙarƙashi, launin toka a sama. Wannan shimfiɗar ba ta ɓacewa. Tana leƙowa ta ƙarƙashin fenti, ita ce ke ba inuwa ɗuminta.

Babu fentin kanti a lokacin. Yaran shago ne suke niƙa launi a kan dutse, suna kwaɓa shi da man 'ya'yan shukar da ake yin lilin da ita, daidai abin da za a yi aiki da shi a ranar. Launukan ma ba su da yawa. Baƙi daga ƙonannen ƙashi, ja da rawaya da ruwan ƙasa daga ƙasa iri-iri, wani ja mai zurfi daga saiwar shuka ko daga wani ƙaramin ƙwaro da ake kawowa daga Meziko. Fari kuwa daga dalma: a sa sillayen dalma a tukwane da ruwan tsami, a binne cikin kashin doki na tsawon makonni, a fito a kankare farin da ya tsiro a jiki. Guba ce, amma babu farin da ya kama ƙafarsa wajen riƙe haske. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse ake samunsa da ake haƙowa a duwatsun Afganistan. Vermeer ba ya tsumulmularsa, da shi ya yi ɗankwalin yarinyar nan, shi da ya mutu a 1675 da bashi a wuya.

Daga nan sai matakin da suke kira doodverf, ma'ana mataccen launi. A nan mai zane yake shimfiɗa dukan hoton da ruwan ƙasa ko toka, ya yanke hukunci a kan inda haske zai zauna da inda duhu zai kwanta. Sai ya bushe. Sannan a zo da launi, yanki bayan yanki. A wurin haske a sa fenti mai kauri wanda ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa. A wurin inuwa a sa siriri, mai ruwa-ruwa kamar ganyen shayi, hawa kan hawa, har haske ya riƙa ratsa shi ya bugi shimfiɗar ƙasa ya dawo. Wannan ne sirrin da hoton waya ba ya iya ɗaukowa. Fatar da ke cikin zanen tana da zurfi na gaske, domin fentin kansa yana da zurfi, kuma kamanninta na sauyawa idan mai kallo ya matsa gefe.

Haske kusan kullum daga hagu yake zuwa, daga sama, ta taga guda. Dalilin da aka fi bayarwa mai sauƙi ne: mai aiki da hannun dama ba ya son inuwar hannunsa ta faɗa kan inda yake zanawa. Wasan haske da duhu mai tsanani asalinsa daga Italiya ne, wurin mai zane Caravaggio, wasu masu zanen birnin Utrecht irin su Gerrit van Honthorst suka je Rum suka dawo da shi. Rembrandt bai taɓa taka Italiya ba, amma shi ya mai da salon nasa. Yakan haska rabin fuska, ya bar ɗaya rabin a inuwa, sai ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido. Har yau masu ɗaukar hoto da masu shirya fim suna kiran wannan tsari da sunansa.

Ƙarshen aiki shi ne 'yan ɗige-ɗigen da ke sa rai: farin ɗigo a ƙwayar ido, danshi a leɓen ƙasa. Lu'ulu'un yarinyar Vermeer, in aka matsa kusa, ba komai ba ne sai 'yan shafe-shafen farin fenti. Ko maratayin da zai haɗa shi da kunne babu. Idon mai kallo ne ke ƙarasa sauran. Binciken da gidan tarihi na Mauritshuis ya yi a 2018 ya nuna ma baƙin da ke bayanta koren labule ne a da, launin ya mutu da tsufa.

Baƙin kaya ba talauci ba ne

Mai kallon yau yana ganin baƙar riga ya ce masu tsoron Allah ne, ba sa son ado. Rabin labarin ke nan. Rina ƙyalle ya yi baƙi ƙirin, bai koɗe ba, aiki ne mai tsada, sai an tsoma shi sau da yawa. Baƙin siliki, baƙin karan-miski, baƙin ulu, kowanne da yadda yake karɓar haske, kuma gwanintar mai zane ita ce ya bambanta su da launi kusan guda. Farar kwalar nan mai kama da dutsen niƙa kuwa tana cin lilin mai yawa, da sitaci, da hannun mai aiki da zai zauna ya naɗe ta lanƙwasa bayan lanƙwasa. Mai sanye da ita yana faɗa wa duniya cewa ba ya sunkuyawa ya yi aikin ƙarfi. Nuna arziki ne cikin rigar tawali'u.

Hatta tsayuwa tana da ƙa'ida. Idan miji da mata ne, a kan yi zane biyu a jera, miji a hagun mai kallo, mata a dama, suna ɗan fuskantar juna. Safar hannu a hannu, zobe, mafici, duk magana suke yi.

Santsi ko kaushi?

Tun a zamanin akwai saɓani a kan abin da ake kira gwaninta. Ɓangare guda na son aiki mai santsi, wanda ba a ganin sawun burushi ko kaɗan. Gerrit Dou, ɗalibin Rembrandt na farko, ya yi suna da wannan, haka Bartholomeus van der Helst, wanda attajiran Amsterdam suka riƙa rububinsa. Kowane zare na leshi a wurinsa, kowa ya fito fes.

Ɗaya ɓangaren shi ne na Frans Hals na birnin Haarlem, da Rembrandt a shekarunsa na baya. Hals yana jefa burushi ne kamar mai sauri, shafa nan, karta can. Kusa da zanen sai ka ga hargitsi, ka ja da baya taku uku sai mutum ya bayyana, kamar zai yi magana. Zanensa na 1624 da ke Landan, wanda ake kira jarumi mai dariya, ba dariya yake yi ba. Gashin bakin da ya murɗe sama ne da ƙyallin ido suke yaudarar mai kallo. Rembrandt kuma ya kai ga tara fenti har ya yi tudu, yana shafa shi da wuƙa, yana karce gashin kai da gindin burushi tun fentin na ɗanye. Wani marubucin ƙarni na 18 ya yi masa shaguɓe cewa akwai zanensa da za a iya ɗagawa ta hanci. A zanen abokinsa Jan Six na 1654, adon zinaren mayafin 'yan shafe-shafe ne a jere, ba ƙari.

A kasuwar wancan lokaci masu santsi ne suka ci riba, musamman bayan 1650 da yayin Faransa ya shigo. Tarihi ya juya hukuncin. A ganina ba don santsi aibi ba ne. Sai dai mai santsi yana gama maka komai, mai kaushi kuwa yana barin maka aiki, kuma abin da idonka ya ƙarasa da kansa ba ka saurin mantawa da shi.

Sintirin daren da ba dare ba

Matsalar zanen taro ita ce kowa ya biya, kowa na son a gan shi. Tsohuwar mafita ita ce a jera kawuna kamar kwalabe a kanta. Hals ya fara warware wannan a 1616 da ya zaunar da hafsoshin 'yan sintiri a teburin liyafa, kowa da abin da yake yi. Rembrandt ya biyo baya a 1632 da zanen Dokta Nicolaes Tulp yana feɗe hannun gawar wani ɓarawo da aka rataye, likitocin fiɗa sun yi cincirindo suna kallo. Wannan aiki ne ya buɗe masa Amsterdam yana ɗan shekara 26.

Sai 1642, zanen da ake kira De Nachtwacht, Sintirin Dare. Rundunar Kyaftin Frans Banninck Cocq ce, kuma maimakon ya jera su sai ya sa su cikin motsi: ana ɗura bindiga, ana kaɗa ganga, kare na haushi. Mutum 16 suka biya kusan gilda 100 kowanne (gilda ita ce kuɗin Holan na lokacin), wani ya ɗara wani gwargwadon inda aka ajiye shi, a lokacin da ƙwararren mai sana'a yake samun wajen gilda 300 a shekara.

Kurakurai biyu ne suka manne wa wannan zane. Na farko sunan. Da rana abin yake faruwa. Man sheƙin da aka yi ta shafa masa ne ya tsufa ya yi duhu, mutanen ƙarshen ƙarni na 18 suka ɗauka dare ne. Na biyu, labarin cewa masu biya sun fusata, shi ya karya Rembrandt. Babu hujja a kan haka. Karyewarsa ta 1656 ta fi alaƙa da katafaren gidan da ya saya a 1639 a kan gilda 13,000 bai gama biya ba, da kuma hannunsa da ba ya riƙe kuɗi in ya ga kayan tarihi. Ko bayan nan bai rasa manyan ayyuka ba. A 1662 ya zana jami'an da ke tantance ingancin rinannen ƙyalle a Amsterdam. Ainihin wulaƙancin da aka yi wa zanen a 1715 ne, da aka yanke gefunansa huɗu don ya shiga tsakanin ƙofofi biyu a zauren majalisar gari.

Daga ina kuɗin suka fito?

A nan muhawarar ta fi zafi a Holan ta yau. Mahaifin Marten Soolmans matatar sukari gare shi a Amsterdam, sukarin kuwa daga gonakin Birazil yake, inda bayi 'yan Afirka suke noma shi. Shekara uku bayan an gama zanen, a 1637, kamfanin WIC ya ƙwace sansanin Elmina, a gaɓar Ghana ta yau, daga hannun Fotugal, ya mai da shi babbar tasharsa ta safarar bayi. Leshin da ake sha'awa a wuyan Oopjen yana da alaƙa da kurkukun da ke ƙarƙashin wancan gini.

Shi ya sa a 2019 gidan tarihin birnin Amsterdam ya daina kiran ƙarnin da zamanin zinare, a 2021 kuma Rijksmuseum, babban gidan tarihin ƙasar, ya shirya baje koli a kan bauta, ya sa labarin Oopjen a ciki. Firaministan lokacin, Mark Rutte, ya nemi gafara a madadin ƙasar a Disambar 2022, sarki Willem-Alexander ya yi hakan a Yulin 2023. Masu adawa na cewa ana ɗora wa zane laifin da ba nasa ba. Masu goyon baya na cewa ba wanda ya ce a sauke shi daga bango, a dai faɗi wanda ya biya da guminsa. Na fi karkata ga na biyun, domin sanin haka ba ya rage wa aikin hannun komai. Baƙaƙen fata a zane-zanen zamanin galibi a matsayin barori suke fitowa, a gefe, suna riƙe da laima ko tire. Zanen Rembrandt na 1661 na wasu 'yan Afirka biyu, su kaɗai, ba ubangida a kusa, yana cikin ƙalilan da suka kauce wa wannan.

Hannun wane ne?

Farashin yau a kan suna yake tsayawa, sunan kuma ba kullum yake da tabbas ba. Shagon babban mai zane kamar masana'anta ne: ɗalibai suna koyon salon maigida, suna cike tufafi da bango, wani lokaci su yi zanen gaba ɗaya. Wani zanen mutum mai hular zinare da ke birnin Balin na Jamus ya shekara da shekaru ana alfahari da shi a matsayin na Rembrandt, sai a 1985 masana suka ce na wani na kusa da shi ne. Fentin bai sauya ba, darajar kasuwa ce ta faɗi. Judith Leyster, wadda ta shiga ƙungiyar masu zanen Haarlem a 1633, an yi ta jingina ayyukanta ga Hals har 1893, lokacin da aka gano alamar sa hannunta. Han van Meegeren kuwa ya ƙirƙiri zanen Vermeer na jabu har ya kai hannun Hermann Göring, jigon gwamnatin Hitler, aka gurfanar da van Meegeren a 1947.

Yanzu ba ido kaɗai ake dogara da shi ba. Ana ƙirga zobban da ke jikin katako a san shekarun da bishiyar ta rayu. Ana sa zane a na'urar hoton ƙashi irin ta asibiti, kuma da yake farin dalma yana tare hasken na'urar, sai a ga inda mai zane ya sauya shawara, ya matsar da kai ko hannu. Tsadar kuma tana da lissafinta: zanen Vermeer da suka rage ba su kai 40 ba, yawancin na Rembrandt suna gidajen tarihi da ba sa sayarwa, don haka duk wanda ya faɗo kasuwa sai ƙasashe su yi ta tsere. Ita kanta yarinyar mai ɗan kunne, gilda 2 da 'yan kwabbai aka saye ta a gwanjon 1881, lokacin da ba a san wanda ya zana ta ba.

Talakan Holan da harajinsa ya shiga cinikin yana da haƙƙin yin tambaya, amma yana da amsa guda da zai iya taɓawa: da attajiri ya saya, da zanen ya shige ɗakin da ba mai ganinsa. Baje kolin Vermeer na 2023, mai zane 28, ya ja mutum kusan 650,000 zuwa Amsterdam. Wanda ba shi da kuɗin jirgi ma ba a bar shi a baya ba. A 2019 aka fara binciken Sintirin Dare a cikin ɗakin gilashi a gaban 'yan kallo, a Nuwamban 2024 aka fara cire tsohon man sheƙin, kuma Rijksmuseum ya ɗora hotonsa mai fiksel biliyan 717 a intanet kyauta. Mai waya da ɗan data zai iya jan hoton da yatsa biyu har ya ga tudun fentin da ke kan rigar rawayar laftanar, da inuwar hannun kyaftin da ta faɗa a kanta.